Fitilu Shida, Saura Uku

Kawuna mai gyaran agogo ne. Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani bene, ɗan tsukuku wanda in ya ware hannuwansa zai taɓa bango da bango. Akwai teburi mai gilashi, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da farin ƙyalle da yake shimfiɗawa kafin ya buɗe cikin kowane agogo. Mutanen layin suna kiransa Sannu-Sannu, don ba a taɓa ganin ya ɗaga ƙafa ba, ko ruwan sama ya taso. Yawancin masu kawo masa gyara ba su san cewa ya shekara goma sha ɗaya yana kaɗa jitar bes, mai kaurin sautin nan, a wata ƙungiyar kiɗa da ake kira Fitilu Shida ba. Ko waɗanda suka sha rawa a gabansu ba sa gane shi, saboda kullum can baya yake tsayawa, jikin lasifika.

Su shida ne, kamar yadda sunan ya faɗa. Mawaƙinsu ana ce masa Gwal, wani kyakkyawan mutum mai siririyar murya, wanda in ya riƙe makirufo sai ka rantse da shi aka haife shi. Akwai mai fiyano, da Baban Busa mai ƙaho, wanda ya girme su duka. Sai Dogo mai ganguna, direban bas, da mace ɗaya mai amshi wadda ke sayar da magani a kemis, shi ya sa kowa ke ce mata Anti Kemis. Sai Kawu. Suna da kwat shida iri ɗaya, ruwan azurfa, masu ƙyalli kamar bayan kifi. Waƙoƙinsu na soyayya ne masu sauri, irin waɗanda ake sa wa a motar haya har fasinja ya wuce inda zai sauka.

Cikin wata huɗu aka rasa uku. Gwal ne ya fara tafiya. Wani kamfanin faifai ya neme shi, shi kaɗai, kuma bai ɓoye ba, ya zo ya faɗa musu da bakinsa. Bayan mako biyu mai fiyano ya bi shi, ya tafi da fiyanonsa, don dama nasa ne. Sai likita ya duba ƙirjin Baban Busa ya ce ko dai ƙaho ko numfashi, ya zaɓi ɗaya. Tsohon ya goge ƙahonsa ya rataye a bangon falo.

Na taɓa tambayar Kawu ko ransa ya ɓaci a lokacin.

“Ya ɗan ɓaci,” in ji shi, ido ɗaya a manne da gilashin aiki. “Amma abin da ya fi damuna wata tambaya ce. In an cire mutum uku daga waƙa, me ya rage a cikinta? Na yi ta so in gani.”

Haka yake tun asali. Innata, ƙanwarsa, ta ce tun suna gida ba a barin sa shi kaɗai da rediyo ko maƙulli, don in an dawo za a tarar da kayan cikinsu a jere bisa tabarma.

Dogo shi ba wannan ne a gabansa ba. So yake a maye gurbin waɗanda suka tafi, a ci gaba kamar ba a yi komai ba. Aka yi shela ana neman mawaƙi. Inda suke gwaji wani ɗakin ajiye tayoyi ne a bayan garejin su Dogo, mai taga ɗaya da warin roba, kuma a can masu nema suka riƙa zuwa duk Lahadi bayan azahar. Mutum goma sha huɗu suka zo. Dukansu Gwal suke kwaikwayo, har yadda yake karkata kai yana lumshe ido. Wani ya zo da irin askinsa. Wani muryarsa ba laifi, amma da aka sa masa kwat ɗin Gwal sai hannun rigar ya rufe masa yatsu.

“Wannan ai kamar an rataye ta a ƙusa,” in ji Anti Kemis bayan ya fita.

“To ke me kike so, ƙanwata?” Dogo ya tambaye ta. “Mu zauna muna kallon juna?”

“Ni dai na ce kamar an rataye ta a ƙusa.”

Duk da haka sun ɗauki na goma sha huɗun, suka je da shi wata liyafar ma'aikatan asibiti, fiyano kuma suka sa naɗaɗɗe a na'ura. Ba wanda ya yi musu ihu. Abin da ya faru ya fi haka ciwo: mutane suka ci gaba da hirarsu, cokula na ƙara, kamar rediyo aka bari a kunne. Da aka tashi, saurayin ya ninke kwat ɗin da kyau, ya miƙa wa Kawu, ya ce a yi masa afuwa.

Lahadin da ta biyo baya su uku kawai suka hallara. Kawu ya zo da littafin rubutu. Ya ɗauki waƙarsu da ta fi kowace tashe, ya ce yana so a yi mata yadda yake yi wa agogo: a warware ta, a ajiye kowane ƙarfe daban, a ga wanne ne yake juya wanne. Dogo ya buga gangunansa shi kaɗai daga farko zuwa ƙarshe. Kawu ya kaɗa nasa shi kaɗai. Da aka zo kan baitocin, Anti Kemis ta karanto su ba tare da rerawa ba, sai Kawu ya ɗaga hannu.

“Tsaya. Wai yarinyar cikin waƙar mutuwa ta yi?”

“A baiti na biyu,” ta ce. “Yaya, shekara goma sha ɗaya kana kaɗa ta.”

“Ni na ɗauka ƙaura suka yi.”

Dogo ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Amma gaskiyar magana, Kawu bai taɓa jin kalmomin ba. Inda yake tsayawa, ba abin da ke shiga kunnensa sai nasa sautin da gangar da Dogo ke bugawa da ƙafa. Ya zauna bisa wata taya ya sa ta maimaita masa baitin sau uku. Sannan ya ce abin da ke ba shi mamaki shi ne, waƙar makoki ce suka yi shekaru suna gudu da ita, jama'a na tsalle. Ya roƙi Dogo ya rage sauri. Dogo ya rage. Ya ce a ƙara ragewa.

“In na ƙara, barci zan yi a kan kujerar nan.”

“Direba ai ya san giya ɗaya. Sa mana ita.”

Ranar Anti Kemis mura take yi. Duk tsawon zamanta a ƙungiyar, Gwal sa ta yake ta hau can sama da muryarsa, siririya kamar zare, don ta yi wa tasa ado. Da ta yi ƙoƙarin hawa sai tari ya sarƙe ta. Ta sha ruwa, ta ce bari ta yi a ƙasa-ƙasa don dai kada gwajin ya tsaya. Ta buɗe baki, wata murya ta fito mai kauri da ɗumi, wadda ba wanda ya san tana da ita a cikinsu. Dogo ya daina bugu ya juyo yana kallonta.

“Wannan ta mura ce ko taki?” Kawu ya tambaya.

“Tawa ce. Da ita nake wa yarana faɗa.”

“Me ya hana ki faɗa mana?”

“Wa ya tambaye ni?”

Sai wata matsala ta ɓullo wadda ba su zata ba. Muryarta da jitar Kawu duk a ƙasa suke, suna cin karo, sautin ya dagule kamar ruwan da aka taka. Dole ɗaya ya ba ɗaya wuri. Kawu ya gwada yin shiru in tana waƙa, sai kiɗan ya zama fanko. Daga nan ya zame hannunsa zuwa can kusa da cikin jitar, inda tsirkiya ke ba da sauti mai tsini, wurin da a shekara goma sha ɗaya ko ƙura ba ya gogewa. A nan ya fara lalubo layin da Baban Busa yake hurawa a da. Ya yi wata uku yana koyonsa a gida bayan ya taso daga shago, ba lasifika, har matarsa ta ce ta haddace shi kafin shi, kuma in ya yi kuskure daga kicin take gyara masa.

Wani lokaci sukan ɗauko Baban Busa ya zo ya saurara. Yakan zauna kusa da taga saboda warin roba. Shi ne ya ba su shawarar da Kawu yake cewa ta fi kowace amfani.

“Kada ku cike duk inda nake. Ku bar wani wurin haka nan.”

“Ba za a ce mun manta ba ne, Baba?” in ji Dogo.

“Wanda ya san waƙar zai hura da kansa a cikin kai.”

Maganar suna ta ci musu Lahadi biyu. Dogo ya ce a koma Fitilu Uku, a huta da tambaya. Anti Kemis ta ce in gobe shi ma ya tafi fa, sai a sake fentin allon suna? Kawu ya ce a bar shi yadda yake, yana so ya ga mutum nawa za su ƙirga. Haka aka bar shi. Kwat ɗin azurfa kuwa ba shawara aka yi a kansu ba. Ranar da za su fara fita da sabon kiɗan, taron cika shekara ne na ƙungiyar direbobi, ƙarfe huɗu na yamma, a farfajiyar gareji. Matar Kawu ta ɗauko kwat ɗin su ukun daga akwati da safe ta tarar asu ya yi wa biyu kaca-kaca. Ba lokacin zuwa wurin tela. Dogo ya hau da rigarsa ta aiki mai aljihu biyu, Anti Kemis da farar rigar shago, Kawu da rigar sanyinsa mai maɓalli wadda yake gyara a cikinta. Tunda yanzu shi ke jan layin, aka ce ya matso gaba. Ya ce shi bai saba tsayuwa a gaba ba. Sai wani kwandasta ya kawo masa kujerar roba, ya zauna a gaban jama'a kamar mai jiran mota.

Da suka fara, ba wanda ya gane waƙar sai da aka kai amshi. Wata mata a sahun gaba, wadda ta zo da shirin rawa, ta tashi ta ce da ƙarfi su ba wannan suka zo ji ba, ta ja ƙawayenta biyu suka fita. Wasu suka bi su. Kawu ya ce ya ƙirga, mutum tara ne. Sauran suka zauna suna saurare. A baiti na biyu ya ga wani dattijon makanike ya cire hula ya riƙe a hannu. Da aka zo wurin da suka bari ba kowa, inda ƙaho yake shiga a da, sai wani daga baya ya yi fito da baki, ya hura layin daidai, wasu suka kama masa.

Bayan an gama, wani ya zo ya tambayi Dogo ina sauran fitilu ukun.

“Mun kashe su ne,” in ji Dogo. “Tsimin batir.”

Ba su sake yin irin tashen da suka yi da Gwal ba. Manyan wuraren rawa sun daina kiransu. Amma ƙananan wurare suka fara, inda mutane ke zama su saurara: ɗakin karatu, gidan shan shayi mai lambu, wani shirin rediyo na ranar Asabar da hantsi. Suka rubuta sababbin waƙoƙi bakwai, biyar daga ciki Anti Kemis ce ta tsara su a bayan takardun magani. Ɗaya a kan mutumin da ke zuwa kemis kullum ya auna nauyinsa don kawai ya sami wanda zai yi wa magana. Ɗalibai suka fara zuwa kallonsu sanye da rigar sanyi mai maɓalli. Da aka gaya wa Kawu wai shi ake kwaikwayo, ya daɗe yana duban rigar, sannan ya ce ai gwiwar hannunta a huje take.

Shekara biyu bayan haka, wata ranar Talata ina zaune a shagon ina jiran ya sa wa agogona batir, sai ga Gwal. Ya ɗan yi ƙiba, baƙin tabarau a goshi. Ya sunkuya ya shigo, suka gaisa kamar jiya suka rabu. Ya ce a mota ya ji su a rediyo, ya saurari rabin waƙa yana cewa a ransa wannan wace waƙa ce haka, kafin ya gane tsohuwar waƙarsu ce, da hannunsa ya rubuta ta.

“Na tsaya a gefen titi,” ya ce. “Ban san haka take ba.”

Kawu ya ajiye ɗan hantsakin aikinsa. “Ina da tambaya da na daɗe ina riƙe da ita. Wace ce yarinyar?”

Gwal ya ce, “Yayata ce. Ba budurwa ba ce kamar yadda kowa ya ɗauka. Ita ta raine ni.”

“Allah ya jiƙanta. To me ya sa muke gudu da ita haka?”

“In na yi ta a hankali ba na iya kaiwa ƙarshe.”

Kawu ya jinjina kai. Ya jawo littafinsa daga ƙarƙashin teburi, ya buɗe shafin waƙar, ya rubuta wani abu gajere a gefe. Gwal ya tambaya ko har yanzu ranar Lahadi suke gwaji, ko zai iya zuwa ya zauna kawai, ba don ya yi waƙa ba. Kawu ya ce shi ba shi da ta cewa, sai ya tambayi mai murya.

Anti Kemis ta ce ya zo, amma ya taho da kujerarsa, kuma in ya ga dama akwai amshi a sama da ba mai yi. Ya je sau uku a wannan shekarar. A zuwa na ukun ne ya yi amshin, daga inda yake zaune kusa da Baban Busa. Kawu ya ce ba laifi, sai dai yana shigowa da wuri.