Zanen Kaka da Jar Atamfa

Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma da kaina nake fushi, ba da kowa ba.

Muna yara a Gummi, da an yi magariba an ci tuwon shinkafa, sai mu kewaye Kaka Dije, mahaifiyar Innarmu, a bakin murhu. Ba ta tatsuniya hannu sake. Tana da ƙullin ƙyallaye, ragowar rigunanmu da tsofaffin zannuwan Inna, tana harhaɗa su da allura har su zama mayafin sanyi. Gidan suna ne ko gaisuwar rasuwa, ƙullin nan na hammatarta.

"Ga ta nan in kuna so," in ji ta, "amma a fara zura mani zaren ga, idona ya ƙiya."

Wadda muka fi so ita ce ta matar masunci mai gaggawa. Wandon mijinta ya yage ta baya, ta sayo sabon jan yadi ta yi masa faci ba ta jiƙa ba. Ya shiga gulbi, yadin ya sha ruwa ya tsuke, ya ja tsohon wandon ya kece. Ga shi ranar kasuwa, mashaya cike da mata. Ya fito kifi a hannu ɗaya, ɗayan hannun a baya, jan rini na bin ƙafafunsa, jama'a na salati sun zaci kada ne ya cije shi.

Mu kan sai birgima a tabarma.

"Ku dai dariya kun ka iya," in ji Kaka. "Sabon ƙyalle, a jiƙa shi ya kwana cikin ruwa, ya gama zuba ya gama tsukewa, sannan a haɗa shi da tsoho. Kun jiya?"

"Mun jiya! Kaka, sake wurin wandon!"

Ni ce kan gaba wajen roƙon nan. Ta harare ni ta ce zare ya ƙare, tatsuniya ma ta bi shi, a tashi a yi isha'i.

Bara 'yata Hafsatu ta samu cikin fari. Abin da ya rage mini na Kaka zanenta ne na saƙi guda ɗaya, fari da baƙi, ya yi laushi don tsufa. Na ce zan sa shi a tsakiya in kewaye shi da ƙyallaye, jaririn ya rufa da shi ranar suna. Ina koyarwa a Bukkuyum, duk ƙarshen mako ina shiga mota zuwa gida. Na ce ai ɗinkin hannu ne, allura da zare a jaka, a hanya ma zan gama.

Kai! Direba ya faɗa rami, allura ta faɗa babban yatsana. Kusurwoyi suka ƙi haɗuwa, in ɗinka in warware. Wata mata a gefena ta gaji da kallo ta ce, "Malama, don Allah ki kai ma tela mu huta." Na ci gaba da ɗinkina. Wata uku ina wannan fama, da ragowar sabuwar jar atamfa da na karɓo wajen telana.

Saura kwana biyu suna na gama, na tsoma shi a baho don in wanke dauɗar hanya. Ruwan ya koma ja wur. Farin saƙin Kaka ya rine. Na shanya ina addu'a, da ya bushe atamfar ta tsuke, zanen ya kece tun daga tsakiya har baki.

Na zauna bakin rijiya ina kukan haushi. Inna ta dogaro sandarta ta zo, ta ɗaga mayafin ta juya shi.

"Kin jiƙa atamfar?"

Na girgiza kai.

"Ba ke ce mai cewa a sake wurin wando ba?"

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Tatsuniyar nan na haddace ta tsaf, har da yadda Kaka ke kai hannu baya tana kwaikwayon masuncin. Ashe tsohuwa aiki take koya mana, ni dariyar kawai na kwaso.

Muka warware ni da Inna. Abin da rinin bai taɓa ba a zanen Kaka bai wuce tafin hannuna ba. Shi na ɗinka a kusurwar wani farin yadi, bayan ya kwana cikin ruwa. Mace aka haifa, aka sa mata Dije. Ranar suna da na karɓe ta, hannunta ya damƙi daidai kusurwar nan ya ƙi saki.