Faifan leda a kan siniyata

Shekarun baya, ana gab da azumi, akuyata ta mutu. Da aka farke cikinta, leda ce cunkus, kis ɗin nan da muke zubarwa ko'ina. Ni da ko ƙofar gida ba na son leƙawa, sai ga ni a bakin tur'a, magudanar da ke shayar da gonakinmu, ina tsintar leda kamar wadda ta zautu. Haushi ne kawai ya kai ni.

Na wanke da sabulu, na shanya, na yayyanka. Maƙwabtana mata suka shigo shan jabana, wato gahawa, suka sha dariyata, daga baya kowacce ta jawo kujera. Muka riƙa naɗa ledar a jikin kaba muna ɗinka faifan rufe abinci, ja da shuɗi da rawaya. In kina ɗinkin nan hankalinki ba ya yawo. Bakina ma, da maigidana ke cewa ba ya zuwa hutu, yakan yi shiru.

A ƙauyenmu, kusa da Kamlin a Sudan, in magariba ta gabato maza kan tare motoci a titi su sauko da matafiya buɗa-baki, kowane gida ya fitar da siniya, babban farantin abinci. Ranar farko ta azumi na rufe tawa da sabon faifaina, maigidana ya ɗauka. Ba a jima ba ya dawo da ita, ko asidar, tuwonmu na nan, ba a taɓa ba. Wai yayansa, mai shimfiɗa tabarmin baƙi, ya ce abin da aka rufe da shara ba zai je gaban baƙo ba. A wurinmu kuwa, a dawo wa mace da siniya kunya ce da ake daɗewa ana zancenta.

Da safe na yafa mayafi na sami yayan nasa, na durƙusa na gaishe shi.

"Yaya, da ledar nan take cikin ruwan da kake ba gonarka ba ka kore ta ba. Sai da na wanke ta?"

Ya ce in dai canza faifai, magana ta ƙare. Na ce faifan nan zai sake fita, in sha Allahu.

Wallahi ban roƙi kowa ba. Amma da yamma duk siniyar da ta fito daga unguwarmu da faifan leda ta fito, har ta gidan Yaya. Maigidana ya ce bas ta tsaya, matafiya sun zazzauna, ladan ya kira salla, Yaya na tsaye yana kallon layin faifai. Ko ya mayar da abincin unguwa duka, ko ya buɗe. Ya yi bisimilla ya buɗe.

Tun lokacin na daina bari a kunyata ni a kan aikin da na san na yi shi da tsabta. Har yau Yaya bai ce faifan ya yi kyau ba, ni ma ban tambaya ba. Sai dai in ya tsinci leda shuɗiya a gona, yakan ajiye ta a bakin ƙofata ya wuce.