Ladi Ta Shiga Kano Ido a Rufe

Ɗambatta, Talata

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, na kamo hannun matata Ladi muka nufi tasha. Janta nake yi, don idanunta sun kumbura sun rufe ruf. Kuma laifina ne. Zazzaɓi ya kama ta, na kira mai allurar nan da ke yawo a keke ranar kasuwa, ya yi mata fenisilin. Kafin la'asar jikinta ya yi ruɗu-ruɗu, tana susa har da bakin faifai. Tsofaffi suka ce ai cutar ce ke fitowa, a ƙara. Ni kuma sarkin gaggawa na sa aka ƙara.

Shekara shida tana roƙona in kai ta Kano ta ga Kantin Kwari, ina cewa sai an sayar da gyaɗa. Ga shi ranar ta zo, babu idon gani.

Muka sami motar gyaɗa, sule uku-uku. Direba ya dube ta ya ce, "Malam, sa ta gaba. Wannan ciwo ba ya son rana."

Dawanau

Takwas da kwata 'yan doka suka tsayar da mu. Ɗaya ya leƙo, ya ja da baya.

"Kai, ba agana ba ce?"

"Borin jini ne, ranka ya daɗe."

Ya duba hannunta, ya ga ba ruwa a ƙurajen, ya ɗaga mana sanda.

Daga nan Ladi ta fara: "Malam, me kake gani?" Na zama idonta. Jirgin sama ya wuce ta kanmu, ta ƙanƙame hannuna. Na ba ta labarin dalar gyaɗa, buhu kan buhu har ta fi rimi tsawo. Ta ce, "Don ka ga ba na gani ne kake shara mini ƙarya." Da leɓe a kumbure ta yi dariya, ni kuwa hawaye nake ɓoyewa.

Fagge

Tara da rabi, bayan mil arba'in da 'yan kai, muka sauka gidan kawuna Baba Audu maɗinki. Matarsa Inna Tabawa ta kawo koko da ƙosai, Ladi ta kasa haɗiya. Inna ta aje ludayi. "Kumburin ya kai maƙogwaro. Ku tashi, Sabon Gari, yanzu."

Sabon Gari

Baba Audu ya kai mu wurin Malam Bulus, wani disfensa Kirista mutumin Zariya. Da na ce fenisilin aka yi mata sau biyu, sai ya cire tabarau ya dube ni.

"Ba cuta ke fita ba, Malam. Jininta ne ya ƙi maganin. Ta uku kabari ce."

Ya ɗauko sirinji, na tare shi. "Wata allurar kuma?"

"Wannan ta kashe waccan ce. Matsa."

Kafin azahar numfashinta ya daidaita. Ya ba mu ƙwayoyi da wani farin ruwa na shafawa, ya hana ta ruwan zafi da susa. Ya rubuta sunan maganin a kati, ya ce duk mai zuwa mata da allura a nuna masa tukuna.

Fagge, Alhamis

Kwana biyu Inna na shafe ta fari fat, tana tsokanarta da amaryar gari. Da hantsin Alhamis idanun suka buɗe. Abin da ta fara cewa shi ne, "Malam, ina Kwarin?"

Motar gida ƙarfe goma za ta tashi, ga gyaɗata a tuge a gona. Na ce, "Bari dai a sayar, mu dawo a tsanake." Ta ɗaura kallabinta, ta biyo ni.

Gida

Bayan azahar muka iso Ɗambatta lafiya. Godiya ta tabbata ga Allah, sannan ga Baba Audu, da Inna, da Malam Bulus, Allah ya saka musu.

Ladi ta yi shekara goma sha ɗaya bayan nan, katin na rataye a wuyanta cikin 'yar jakar fata, ba wanda ya ƙara soka mata allurar. An sayar da gyaɗa sau goma sha ɗaya, ban mai da ta ba. Ina kewarta, wallahi ina kewarta. Bayan rasuwarta na je Fagge, na taka daga ƙofar Baba Audu zuwa Kantin Kwari ina duban agogo. Minti bakwai ne.