Ƙarafa Tara a Bayan Tasha

Har gobe ban manta da ranar da Mama Agnes ta shigo ofishinmu na awon filaye a Nguru ba. Ku da kuka kama aiki bayana, ku saurara, don laifina zan faɗa muku.

Abin ya faro ne ina mataimakin safiyo, shekarata ta uku a aiki, ina ji da kaina sosai. Aikina shi ne in fita da igiyar awo, in kafa turakun iyaka, in zana taswira, shugabanmu ya sa hannu a raba fulotai. Ƙa'ida ta ce kafin a auna fili sai an kira Bulama, wato mai unguwa, ya faɗi tarihin wurin. Da aka tura ni wani fili a bayan tashar jirgin ƙasa, Bulama ya tafi ta'aziyya Machina, ni kuwa na ga jiransa ɓata lokaci ne.

A filin na tarar da guntayen ƙarfen dogo guda tara a kafe, a jere, duk sun yi tsatsa. Na ce turakun wani tsohon awo ne, har na ji daɗi an rage mini aiki. Ni kabarin da na sani tudun ƙasa ne da fasasshiyar tukunya. Na ɗora iyakokina a kan ƙarafan, aka raba, aka gina gidaje.

Bayan shekara uku sai ga wannan tsohuwa, Mama Agnes. Ungozoma ce mai ritaya daga Gashua, 'yar ƙabilar Ibo, amma Hausarta ta fi tawa.

Ta ce, "Ɗana, kabarin babana nake nema. Kwal yake zuba wa injin jirgi. Ma'aikatan reluwe da ƙarfen dogo suke yi wa mamatansu alama, don shi ne abin da suke da shi. Duk ƙarshen shekara nakan zo, ciwon ƙafa ne ya kwantar da ni. Yau na zo na ga gidaje."

Shugabanmu ya dube ni ya ce, "Malam Isa, kai ka san wajen, raka ta."

Ta ce kabarin shi ne na uku daga wata bishiyar tsamiya. Kwatancen ya kai mu gidan Alhaji Sabo, wani ɗan kasuwa da kakanninsa suka zo daga Haɗeja. Ƙarfen na nan a kusurwar tsakar gida, an ɗaure akuya a jikinsa.

Da Alhaji ya ji bayani, sai ya yi salati, ya kwance akuyar da hannunsa, ya sa aka share wurin. Ya ce, "Mama, wallahi ban sani ba. Mu ma baƙi muka zo garin nan, jirgin ne ya kawo mu. Duk ranar da kika so ki zo, ƙofa a buɗe take."

Ta durƙusa da ƙyar, ta dafa ƙarfen, ta yi addu'a da yarensu. Sannan ta tambayi sauran takwas ɗin. Magina sun tumɓuke su tun tuni, sun sayar wa 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe. Ta jero sunayen mutum biyar, ta ce sauran ukun ta manta, kuma babu wanda ya rage da za a tambaya.

A tashar motar Gashua ta riƙe hannuna ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Da irinka aka tura awon nan, da ba a yi haka ba."

Tsoro da kunya ne suka hana ni faɗa mata ni ne na yi awon, ba wani abu ba. Na ce a raina zan faɗa mata in ta dawo. Ba ta dawo ba, damina na sauka aka ce ta rasu.

Garin nan Barebari, Badawa, Fulani, Hausawa da mutanen kudu duk sun binne nasu a cikinsa, kowa da irin alamarsa, kuma taswira ba ta san ko ɗaya ba. Tun daga ranar ban sake miƙe igiya a fili ba sai tsohon unguwa na tsaye a gefena, ko da zan jira shi mako guda. Taswirar bayan tasha tana nan a durowa ta biyu. Ku buɗe ku gani, sunana ne a ƙasa.