Wanda Ya Ce Ya Yafe wa Baba

Ina jera buhunan gero a shagonmu da ke High Point Road ƙanena Sani ya bugo waya. "Yaya, Baba ya cika," ya ce. Na yi salati na zauna a kan buhu.

An haifi mahaifinmu, Lauya Ilyasu, tun zamanin Turawa. Ya yi suna wajen tsaya wa manoman da aka ƙwace wa gonaki, su ne kuma suka tura shi majalisa. Ba ya ɗaga murya. Ko mu 'ya'yansa muka kai ƙarar juna, sai ya gyara tabarau ya ce, "Ina shaidarki?" Takardar sayen magani ma ba ya yarwa, yakan ce, "Hujja ba ta ruɓewa."

Da sojoji suka rushe majalisa, akawunsa Garba, wanda ya girma a gidanmu yana cin tuwon Inna, shi ya sa hannu cewa Baba na ƙulla makirci. Baba ya yi shekaru a kurkuku. Baƙin ciki ya kashe Inna, Baba bai ga gawarta ba. Ya fito da ido ɗaya, daga baya muka ɗauko shi zuwa ƙasar waje, nan birnin Greensboro. Shi ma Garba ɗansa ya kawo shi garin Summerfield da ke kusa da mu, ya zama Alhaji mai sahun gaba a masallaci.

Ranar jana'iza liman ya roƙi jama'a, kamar yadda aka saba, duk wanda marigayi ya saɓa wa ya yafe masa. Ina ɓangaren mata na ji muryar Garba ta lasifika: "Abin da ya shiga tsakaninmu a gida, ni na yafe masa." Mutane suka yi ta sa masa albarka. Matar da ke kusa da ni ta raɗa wa ƙawarta, "Ashe tsohon ma ya taɓa cutar mutane." Ban taɓa jin tsanar wani mahaluki kamar ta wannan rana ba.

Alhaji Garba ya manta wa ya rene shi. A jakar Baba akwai wasiƙar da ya aiko bara, da rubutun hannunsa, yana amsa cewa ƙarya ya yi, yana roƙon a rufa masa asiri. Da na gama karanta wa Baba ita, cewa ya yi, "Nawa na yafe. Na uwarku ba nawa ba ne."

Sani na cewa in bar wa Allah. Na bar masa, amma ranar sadakar arba'in zan miƙa wasiƙar a karanta ta wannan lasifikar. A zo da tabarau, Alhaji, a duba sa hannun.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya haɗa shi da Inna a Aljanna. Mu da ya bari, Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kuma kai mu ranar arba'in lafiya, mu da Alhaji Garba.