Kaset Mai Wutsiya

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a irin gidajenmu na Ƙofar Dundaye ya san abin da wannan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" nake, in kuma da baƙi a zaure sai in koma "wancan". Ko na kyauta ba ya yabona, sai dai ya yi gyaran murya ya kau da kai. Kunyar ɗan fari ce, an yi mini wannan bayanin tun ina ƙarami, amma sanin bai taɓa hana ni jin zafi ba in na ji yana sa wa autanmu albarka a gaban jama'a.

Abu guda nake da shi wanda ba na kowa ba. Tun da idon Baba ya yi rauni ya bar tuƙi, ni ke kai shi ƙauye kowace Asabar da hantsi, ya gai da yayarsa, ya zaga fadamar shinkafa. Tsohuwar motarsa tana da rediyo mai cin kaset, kuma kaset ɗaya tak muke sawa: muryar kakana, mahaifin Baba, yana rera wata waƙar wa'azi da ya tsara da kansa. A zaurenmu aka ɗauke ta ina goye. Ana jin tarin tsofaffi a ciki, har da wani zakara da ya yi cara a tsakiyar baiti.

Wata shekara rediyon ya tauna zaren. Na zauna da reza da biro da ɗan salatif, na yanke inda ya lalace, na jona guntun zare marar komai daidai tsawon wanda na cire. Baiti huɗu suka tafi. Ranar da muka fara sa shi bayan gyaran, muna hawa gadar gulbi sai muryar kaka ta ɗauke, ya rage sai shuuu. Ban yi shawara da kaina ba, na buɗe baki na rera baitocin, don tun ina yaro suke kaina. Ina direwa kaka ya karɓa. Baba ya yi gyaran murya ya dubi ruwa. Asabar ta gaba ma haka. Shekara tara ina cike wannan giɓin, kuma kusan kullum a kan gadar nan yake faɗowa.

Sai Auta ya dawo daga bautar ƙasa da wata 'yar na'urar sauraron waƙa, ba ta fi akwatin ashana ba. Kwanansa uku a gida ya ji labarin wani tsohon ɗalibin kaka a Runjin Sambo da ke da kwafin waƙar lafiyayye. Ya hau keke mai ƙafa uku ya je, ya aro kaset ɗin, ya kai shago aka juye masa cikin na'urar. Ni na san da tsohon nan. Na san gidansa, na sha wucewa ta ƙofarsa, ban taɓa tsayawa na tambaye shi ba. A lokacin nakan ce ban samu sukuni ba ne. Gaskiyar ita ce ba na son a cike giɓin.

Asabar ɗin Auta ya shiga baya, ya zuro kai tsakanina da Baba riƙe da wani irin kaset mai siririyar waya a gefe. Nan take Baba ya raɗa masa kaset mai wutsiya. Auta ya zare namu na da, ya miƙo mini kamar wanda ke miƙa ɓawon gyaɗa, ya tura nasa cikin rediyon, wutsiyar na reto. Ya soka bakinta a ramin na'urar ya danna. Shiru.

Daɗi ya kama ni har wuya.

"Ai na hwaɗa maka, rediyon ga tsoho na, ba ya cin abin zamani," in ji ni.

"Dakata mana, Yaya," ya ce, yana dariya. Ya ƙara muryar na'urar, ya danna maɓallin da ke juya kaset ɗaya gefen. Sai ga kaka, tas, kamar yana zaune a mazaunin baya. Har zakaran ya fi fitowa.

Da muka hau gada bakina ya buɗe da kansa, na ja numfashi. Kaka bai tsaya ba. Ya wuce cikin baitocina huɗu da muryarsa mai kauri, ni kuwa na rufe baki na riƙe sitiyari. Baba ya sa gefen rawani ya share ido.

"Allah shi yi maka albarka, Auta," ya ce. Sau uku ya faɗa kafin mu sauka gadar, na ƙirga.

Na ji kishi, ba zan ɓoye ba. Na yi kishin ƙanena da na yi wa wanka da hannuna, na yi kishin wata aba da ba ta da rai, har kakana da ke kabari na ji haushinsa don ya dawo ya karɓi kayansa. A ƙauye Baba ya sa aka kunna wa Gwaggo, ta yi kuka, ta shafa kan Auta. Ni aka aike ni in duba ko an ba jaki ruwa.

Da Auta zai tafi wurin aikin da ya samu ya bar mini na'urar, yana koya mini kamar ɗan aji ɗaya: nan ake caji, nan ake dannawa, kada in ja wutsiyar da ƙarfi. Asabar uku ina jona ta, ina tuƙi bakina a rufe kamar direban haya. Ta huɗu na cusa kaset mai wutsiya da na'urar cikin aljihun rigata tun a ɗaki. Da Baba ya zauna na ce masa abin ya ƙi yi, sai Auta ya zo ya duba.

"To," in ji shi.

Na lalubo tsohon kaset ɗinmu. Tun ranar da Auta ya miƙo mini shi na jefa shi gindin gilashin gaba don haushi, ya yi wata guda yana shan ranar bazarar Sakkwato. Na ga ya ɗan lanƙwashe, amma na tura shi da ƙarfi. Ya fara, muryar kaka na ja kamar mai maye. Ba mu kai gada ba ya yi wani ƙara ya tsaya. Na sauka gefen titi na zaro shi, zaren ya biyo baya a cukurkuɗe kamar taliya, ya tsinke wuri uku. Na san wannan karon reza da salatif ba za su yi komai ba. Da hannuna na kashe giɓin da nake ta karewa.

Baba ya bar ni na gama jujjuya shi. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Kai, hiddo wancan da ke aljihunka. Tun da munka taso wutsiyarshi ke leƙe. Idona ya yi rauni, amma bai mutu ba."

Kunya ta rufe ni. Na fiddo, na tura kaset ɗin, na soka wayar a ramin na'urar. Kaka ya fara daga farko. Na tuƙa a hankali ina jiran faɗa, faɗa bai zo ba. Saboda tsayawar da muka yi, mun wuce gadar da nisa kafin waƙar ta iso wurin da giɓin yake a da.

Saura kalma ɗaya a shiga baitocin nan sai Baba ya miƙa hannu, ya lalubi abin murɗa murya, ya murɗe shi har ƙasa. Motar ta yi tsit, sai ƙarar inji. Ya juya yana kallon gonakin gero. Na yi zaton kuskure ne. Sai ya yi gyaran murya.

Na rera. Muryata ta karye a baiti na biyu, na daure na kai ƙarshe. Ina direwa ya murɗo muryar sama, muka haɗu da kaka a kan kalma guda.

Da muka dawo gida na ji shi a zaure yana ba baƙi labarin abin kirkin da Auta ya kawo, yana ƙara sa masa albarka. Kishin bai bar ni ba, na ji shi ya motsa kamar kullum. Game da ni kuwa abin da ya ce kawai shi ne, "Ku ce ma wancan shi ruhe mota."

Asabar ta gaba, tun ba mu hango gada ba hannunsa yana kan abin murɗa murya.