Faifan da Ba Mu Raɗa wa Suna Ba

A ƙarshen shekarun casa'in ina aiki a wani ofishin gwamnati kusa da Unguwar Rimi. Kwamfuta ɗaya gare mu, babba, an jera mata faya-fayan ajiya ciki da waje har sun yi yawa. Ita lamba take ba su, mu kuwa lamba rikita mu take yi, sai muka koma kiran kowanne da sunan unguwar da takardunta ke cikinsa: wannan Malali, wancan Rigasa. Ni ke rubuta sunan da ajami a 'yar takarda in manna, don hannuna ya fi sabawa da shi.

Abokin aikina mai kula da injin yana da ƙa'ida. Sabon faifai sai ya yi mako yana juyawa bai mutu ba, sannan a ba shi suna.

"Malam, kada ka ɓata tawadarka," yakan ce. "Bari mu ga ko ya zo zama."

Muna dariya, muna ce wa ranar ranar suna. Har ƙosai yake sayo mana.

Shekara da shekaru ni da maiɗakina muna roƙon Allah haihuwa. A makon da ta sauka, aka samu ɗa namiji, a makon aka kawo sabon faifai.

"Ka gani, angon ƙarni," in ji abokina, "suna biyu rana ɗaya. Na gida da rago, na ofis da ƙosai."

Na yanki takarda na manna ta a jikin faifan fara, ba rubutu, na tafi gida Unguwar Dosa. Na ɗaure rago, an kawo goro. Ana gobe suna zazzaɓi ya rufe yaron, kafin la'asar Mai shi ya karɓi abinsa. Sunan da na yi masa huɗuba da shi ba a taɓa faɗarsa a taro ba.

Da na koma aiki na tarar faifan yana juyawa lafiya lau. Abokina ya ajiye alƙalami a gabana, bai iya kallona ba.

"Malam, ya wuce mako. In ba za ka iya ba, in rubuta da boko."

Na ce ya bari. Na ɗauki alƙalamin, na yi bisimilla, hannuna ya ƙi. Haka muka bar shi, "mai farar takarda" muke ce masa har na bar ofishin.

Daga ranar abokina ya daina jiran mako. Faifai na fitowa daga kwali zai miƙo mini in rubuta. Ƙosai kuwa bai ƙara sayowa ba.